Muhawara: Tsoffin kalmomin 'yan jirgin ruwa da karin harshen ƙauyukan Ingila

Abba Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya biyu gare ni ga malamanmu. Kullum za ka ji shugaban ma'aikata ko ɗan siyasa ya ce *all hands must be on deck*. Na san *deck* daɓen jirgin ruwa ne, to me ya haɗa ofis da jirgi? Na biyu, abokina da ke karatu a Newcastle ya ce mutanen garin *bairn* suke ce wa yaro, mu kuwa ba a taɓa koya mana haka ba. Turawan ne ba su iya harshensu ba, ko mu ne aka rage mana?

Malam Sani Ticha: Wa'alaikumus salam Abba. A bakin 'yan jirgi *hand* ma'aikaci ne, mutum sukutum, ba tafin hannu ba. Idan hadari ya taso a teku sai a yi kira, *all hands on deck*, kowa ya fito, har wanda ya sauka daga aiki yake barci. Daga nan maganar ta sauko tudu. Ita kuwa *bairn* karin harshen arewacin Ingila da Sikotlan ce. Ka san ta don sani, amma kada ka rubuta ta a jarrabawa.

Baba Mai Ruwa: Malam ya faɗi daidai. Ni a jiragen dakon kaya na yi ƙuruciyata, tsakanin Apapa da Liverpool da Tilbury, zamanin Nigerian National Shipping Line, kamfanin da aka kafa a 1959 aka rufe a 1995. Ɗana Abba, ranar da yaro ya hau jirgi sai ya naɗe Turancin makarantarsa ya ajiye. Bango sunansa *bulkhead*. Kicin *galley*. Makewayi *heads*, domin a jiragen da can a goshin jirgi yake, inda igiyar ruwa ke wanke shi. Kafinta *Chippy* ake kiransa, mai kula da rediyo *Sparks*, babban lebura na ɗakin inji *donkeyman*. Kuma rubutu daban, furuci daban. Shugaban leburori a takarda *boatswain* ne, a baki *bosun*. A rubuta *forecastle* a ce *foksul*, a rubuta *gunwale* a ce *ganel*. Duk wanda ya karanta su harafi-harafi, nan take an gane bai taɓa kwana a ruwa ba.

Abin da za a fara cusa maka shi ne babu dama babu hagu. Hannun damanka yana canzawa duk inda ka juya, gefen jirgi kuwa ba ya canzawa. Idan ka fuskanci goshin jirgi, dama *starboard* ce, fitilarta kore. Hagu *port*, fitilarta ja. Da daddare da waɗannan fitilu za ka gane inda jirgin da ke gabanka ya dosa.

Abba Ɗalibi: Allah ya ƙara lafiya Baba. *Starboard* ɗin daga *star* take, wato tauraro? Tunda da taurari suke gane hanya.

Malama Rabi: A'a Abba, babu ruwanta da tauraro. A tsohon Turanci *steorbord* ce, gefen tuƙi. Tushenta ɗaya da *steer*, wadda mu muka samu sitiyari daga gare ta. Kafin a fara kafa abin juya jirgi a tsakiyar bayansa, da babban filafili ake tuƙi, a ɗaure shi a gefen dama domin yawancin mutane da dama suke aiki. Matuƙi yana riƙe da shi ya bai wa ɗaya gefen baya, shi ya sa gefen hagu a lokacin ake ce masa *bæcbord*, gefen baya. Daga bisani ta koma *larboard*. To ku yi tunanin ana ruwa ana iska, kyaftin ya ɗaga murya: *larboard* ya ce ko *starboard*? Ƙarshensu iri ɗaya, kuskure kuwa yana iya kai jirgi kan dutse. Saboda haka a 1844 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta ba da umarni a daina *larboard* a koma *port*, Amurka ta bi a 1846. Kaɗan ne cikin kalmomin Turanci za a iya nuna shekarar da aka sallame su daga aiki kamar wannan.

Issoufou Damagaram: Malama, abin ya burge ni. Mu da muka yi karatun Faransanci *tribord* da *bâbord* muka sani. Ashe *bâbord* ɗinmu 'yar'uwar wannan *bæcbord* ce da Ingilishi ya yar.

Malama Rabi: Haka ne Malam Issoufou. Faransawa daga mutanen Holan suka aro duka biyun, kuma har yau a Holan *bakboord* ake cewa. Shi ma Turancin ya kwashi kaya da yawa daga wurinsu: *skipper*, *yacht*, *boom*, *sloop*, *cruise*. A ƙarni na 17 su ne gwanayen ƙera jirgi a Turai. Jirgin shaƙatawa na farko da ya yi suna a Ingila kyauta ce daga Holan ga Sarki Charles II a 1660.

Ɗan Yauri: Ina bin zancen nan da sha'awa, don a bakin Neja na tashi. Baba, a da da me kuke gane zurfin ruwa? Mu gora ko doguwar sanda ake zirawa.

Baba Mai Ruwa: A zamaninmu na'ura ta riga ta zo, amma dole a koya maka tsohuwar hanya, don inji na iya mutuwa. Igiya ce mai curin darma a bakinta, a jefa gaba, a karanta alamun da ke jikinta. A gindin darmar akwai ɗan rami da ake cusa kitse, ya ɗebo abin da ke ƙasa, a ga yashi ne ko laka ko tsakuwa. Awon kuwa *fathom* ne, ƙafa 6.

Ɗan Yauri: Ƙafa 6? Ai wannan gaba ce. Masu haƙar rijiya har gobe cewa suke rijiya gaba goma, gaba ashirin.

Malama Rabi: Ita ce ba wata ba. *Fæthm* a tsohon Turanci tana nufin hannuwa biyu a buɗe, daga yatsa zuwa yatsa. Mai jawo igiya daga ruwa da mai jawo ta daga rijiya hanya ɗaya suka samu ta awo, ba wanda ya koya wa wani. Yau Bature zai ce *I can't fathom it*, wato ya kasa gano bakin zaren, alhali bai taɓa riƙe igiyar darma ba.

Bari in ƙara wadda kowa a zauren nan ya yi amfani da ita yau. Don a san gudun jirgi, sai a jefa guntun katako a ruwa, sunansa *log*, ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane ƙulli biyu ƙafa 47 da inci 3. A kifa agogon rairayi na sakan 28, a ƙirga ƙulli nawa suka wuce ta hannu. Adadinsu shi ne gudun jirgi, shi ya sa har yanzu ake auna gudun jirgin ruwa da na sama da *knot*, wato ƙulli, mita 1,852 a awa. Littafin da ake rubuta sakamakon ya zama *logbook*. Daga rubuta suna a wannan littafi aka samu *log in* na kwamfuta da waya.

Abba Ɗalibi: Ikon Allah. Na kuma ga wani bidiyo da aka ce *posh* taƙaitawa ce ta *port out, starboard home*, wai masu kuɗi da ke zuwa Indiya suna zaɓar gefen inuwa, a buga musu POSH a tikiti.

Malama Rabi: Wannan labarin ba shi da tushe. An bincika takardun kamfanin jiragen ruwa na P&O da ke jigilar Indiya, ba a samu tikiti ko ɗaya mai wannan hatimi ba, kuma labarin ya ɓullo ne bayan kalmar ta riga ta yaɗu. Ka riƙe wannan: duk tsohuwar kalmar da aka ce maka haruffan farko aka harhaɗa, ka yi shakka, don wannan ɗabi'a a ƙarni na 20 ta yi ƙarfi. Kuma mutane na son jingina komai ga jirgin ruwa saboda labarin yana da daɗi. Kalmomi masu hujja sun isa. Kamus na William Falconer na 1769 da na Admiral Smyth na 1867 cike suke da su, da bayanin yadda ake aiki da kowace.

Malam Sani Ticha: Ga masu hujja guda biyu da suka shafe mu. *Slush* kitse ne da kuku ke kwashewa daga tukunyar naman gishiri, ya tara a ganga, a sayar idan an sauka. Kuɗin da aka samu shi ne *slush fund*, wanda yanzu ya zama sunan asusun ɓoye na cin hanci. Sai *strike*. A jirgi ma'anarta sauke ƙyallen da iska ke turawa. A 1768 ma'aikatan jiragen Landan suka sauke ƙyallayen jiragen da ke tasha, ba mai motsi sai an duba albashinsu. A wannan shekara aka fara samun kalmar da ma'anar yajin aiki.

Ustaz Kabiru: Malamai, na ji an ce *admiral* Larabci ce. Ya gaskiyar abin?

Malama Rabi: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, daga amir take, ta bi ta Latin da Faransanci. Haka *monsoon* daga mausim, ta hannun mutanen Fotugal. Wadda ta fi kusa da mu ita ce *arsenal*, daga darus sina'a, gidan sana'a. Mutanen Venis suka sa wa wurin ƙera jiragensu wannan suna, daga baya ya koma ma'ajiyar makamai. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1886, sunan ya bi ta. Sana'a ɗinmu da sunan kulob ɗin daga saiwa ɗaya suka fito.

Hajiya Binta: Ku ba ni dama in koma tambayar Abba ta biyu, don an bar ta a baya, kuma ita ce rayuwata ta kullum. Aikin jinya nake yi a yankin Yorkshire, yawanci da tsofaffi. Malam Sani ya ce a san irin waɗannan kalmomi don sani kawai. Malam, a wurinmu lafiyar majiyyaci ce. Tsohuwa za ta ce *I'm starved*, sabuwar ma'aikaciya ta ruga neman abinci, alhali sanyi take ji, bargo take so. Tsoho ya ce *I'm badly*, wato ba shi da lafiya. Ka tambaye shi me ya ci ya ce *nowt*, ba komai. *Owt* kuwa wani abu. Kunne *lug* ne. Mutumin da ba ya jure sanyi *nesh*, yaro mai shagwaɓa *mardy*. Wadda ta fi rikita baƙo ita ce *while*, don a nan tana nufin har zuwa. *Nine while five*, daga tara zuwa biyar. Lungu kuwa a gari ɗaya *ginnel*, a na kusa *snicket*, ka gangara Sussex ka ji *twitten*. Wasu tsofaffin har yanzu suna ce wa jikokinsu *tha* da *thee*, wato kai ko ke, amma ba sa ce wa likita, don ta na ƙasa da kai ce ko tsaranka.

Abin da ke taɓa min zuciya, da yawansu haƙuri suke ba ni idan sun faɗa, su ce ba su iya magana daidai ba. Tun a firamare aka horar da su cewa maganar gidansu abin kunya ce.

Malam Sani Ticha: Hajiya, ban musa miki ba a fagen aikinki. Amma ni malamin aji ne. Yaron da ke fama da *is* da *are*, in na ɗora masa *nowt* na cuce shi. Dole a samu daidaitaccen harshe guda da na Kano da na Delhi da na Leeds za su haɗu a kai. Sauran kuwa karkacewa ce daga asali, komai daɗinsu.

Malama Rabi: Malam Sani, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. A koyar da daidaitacce a aji, babu gardama. Amma karkacewa daga asali? Sau da yawa su ne asalin. *Starve* a tsohon Turanci mutuwa take nufi ta kowace hanya; daidaitaccen harshe ya tsare ta ga yunwa, arewa ta riƙe ta ga sanyi. *Nesh* da *bairn* sun haura shekara 1,000 a harshen. *Thou* da *thee* su ne tilo a da, *you* jam'i ce ta girmamawa, Landan ce ta watsar da su.

Arewa kuma tana da tarihinta. A 865 rundunar Viking, mayaƙan jiragen ruwa daga Sikandinebiya, ta sauka Ingila, a 866 ta ci York, suka zauna suka yi aure. Daga su aka samu *beck* rafi, *kirk* coci, *laik* wasa, da garuruwa masu ƙarewa da *by* irin Grimsby da Whitby. Kuma ba a ƙauye kaɗai suka tsaya ba: *they*, *them*, *sky*, *window*, *egg*, duk nasu ne.

Labarin *egg* ya haɗa jirgi da karin harshe. William Caxton, wanda ya kawo injin ɗab'i Ingila a 1476, ya rubuta a 1490 cewa wasu fatake sun taso a jirgi daga kogin Thames za su Zeeland ta ƙasar Holan, iska ta ɗauke, suka sauka a gaɓar Kent neman abinci. Ɗaya ya tambayi matar gida *egges*, ta ce ita ba ta jin Faransanci. Ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai wani ya ce *eyren*, sunan ƙwai a karin kudu, nan take ta gane. Caxton yana tambaya, wacce zai buga? Ta arewa ce ta yi nasara. Da ta kudu ta ci, yau Malam Sani *eyren* zai koyar, ya ja wa *eggs* jan biro. Daidaitaccen Turanci karin Landan ne da kewayenta, wanda ya samu fada da kotu da maɗaba'a.

Issoufou Damagaram: Kamar yadda Kananci ya samu rediyo da littattafan makaranta. Ba wanda zai ce Basakkwace ko Badamagare bai iya Hausa ba.

Malam Sani Ticha: Tarihin na yarda da shi Malama, ba na jayayya da hujja. Matsayina a kan aji dai yana nan. Amma wa ya tattara waɗannan kalmomi, tunda ba a rubutu da su?

Malama Rabi: Mutumin da ya fi kowa aiki a kai ɗan yankin su Hajiya ne, Joseph Wright. An haife shi a 1855 kusa da Bradford, gidan talakawa. Yana shekara 6 yake kora jaki a wurin fasa dutse, yana 7 ya shiga masaƙar Saltaire. Bai iya karatu ba sai da ya kai wajen 15. Ya koya wa kansa, ya tara kuɗi ya tafi Jamus, ya samu digirin digirgir a Heidelberg a 1885, a 1901 ya zama farfesa a Oxford. Bai yar da harshen uwarsa ba. A 1892 ya rubuta nahawun karin ƙauyensu Windhill, sannan ya karɓi tarin takardun English Dialect Society, ƙungiyar da Walter Skeat ya kafa a 1873, ya fitar da *English Dialect Dictionary* juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905. Masu ɗab'i sun ƙi ɗaukar nauyin, shi ya sa dukiyarsa a ciki, matarsa Elizabeth tana taya shi. Jami'ar Innsbruck ta ɗora shi a intanet yanzu.

Bayansa sai Harold Orton na Jami'ar Leeds. Daga 1950 zuwa 1961 ya tura masu bincike wurare 313 da tambayoyi kusan 1,300, suna neman tsofaffin manoma waɗanda ba su yi yawo ba. Suna gaggawa ne, don sun ga tarakta ta kori doki, kuma duk sunayen kayan garma da linzami za su bi shi.

Alhaji Takoradi: Gaisuwa daga Gana. A tashar nan tsofaffi na ba da labarin Kru na Laberiya da suka yi ta aiki a jiragen Turawa. Broka ɗinmu tana da alaƙa da maganar 'yan jirgi?

Malama Rabi: Tana da ita Alhaji. Turawan da suka fara zama a gaɓar Afirka ta Yamma ba 'yan jami'a ba ne, matuƙa ne da 'yan kasuwa, kowa da karin garinsu. Ian Hancock ya rubuta maƙala a 1976 kan kalmomin jirgi da ke cikin Kiriyo na Saliyo. Haka abin yake a wasu tekuna: a Papua New Guinea *kapsait* daga *capsize* take, kifewar jirgi, amma yanzu ko shayi ne ya zube ita ake faɗa. Sai dai ba duka daga Ingilishi ba. *Sabi* da *pikin* da *palava* na mutanen Fotugal ne, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana a 1482, tun kafin Ingilishi su kafu a gaɓar.

Ɗan Yauri: Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. A hotunan manyan jirage ina ganin da'ira da layi ya ratsa ta, da wasu layuka da haruffa a gefe. Mu matsalarmu a kogi lodi ne fiye da ƙima, shi ya sa abin ya ja hankalina.

Baba Mai Ruwa: Ɗana, ka tambayi abin da ya ceci rayuka. Sunansa *Plimsoll line*. Samuel Plimsoll ɗan majalisar Birtaniya ne da ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika ruɓaɓɓen jirgi da kaya, su yi masa inshora, in ya nutse su karɓi kuɗi. 'Yan jirgi na kiran irinsu *coffin ships*, wato makara. A 1876 aka yi dokar da ta tilasta zana alamar, idan ruwa ya rufe ta lodi ya wuce ƙa'ida. Har takalmin roba na motsa jiki a Ingila *plimsolls* ake ce masa, saboda layin da ya zagaye shi.

Layukan gefe kuwa saboda ruwa ba ɗaya ba ne. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, don haka jirgi ya fi lumewa a kogi, in ya fita teku sai ya ɗan taso. TF na ruwan daɗi a ƙasashen zafi, shi ne a sama. Sai F ruwan daɗi, T tekun ƙasashen zafi, S bazara, W hunturu. Na can ƙasa WNA, hunturu a arewacin Atlantika, inda igiyar ruwa ta fi muni, a nan ake rage kaya fiye da ko'ina. Kafin mu bar Apapa sai babban hafsa ya sauka kan dakali ya duba alamar da idonsa, ya rubuta a *logbook*, sannan a kwance igiya.